Shuni Har Gwiwar Hannu

Wauta dai na yi ta iri-iri a duniya. Matata Hajo takan ce da wauta gona ce, da gidanmu bai taɓa sayen hatsi ba. Na taɓa koro jakin wani tun daga bakin kasuwa har ƙofar gidanmu, ina tafe ina zaginsa don ya ƙi gane hanya, ashe nawa yana can ɗaure inda na bar shi. Na yi wata uku a ajin yaƙi da jahilci, na fito na ce na gama boko. Da shi nake wannan rubutu, wanda ya ga baƙi ya karkace sai ya yi haƙuri. Waɗannan duk na sha ba da labarinsu a bakin masallaci, a yi dariya, ni ma in yi. Akwai guda ɗaya da ban taɓa ba kowa labarinta ba, ko Hajo, sai a makon da ya wuce. Ita ce babbar, kuma babu abin dariya a cikinta.

Daminar bana ce ta tono ta. An yi ruwan shuka, gero ya fito ya kai gwiwa, sai sama ta ɗauke. Kullum la'asar hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin, iska ta taso, mata su jera bokitai a ƙarƙashin indararo, sai ya watse kamar an kore shi. Ina zaune a zauren gidana a Unguwar Rogo ina jin ƙamshin ruwan da ya sauka a garin wasu. Na san wannan ƙamshin. Haka ya yi mana a shekarar babban farin nan, zamanin soja, lokacin da aka ce kuɗin fetur ya shigo ƙasa.

Kuɗin ya shigo, ba ƙarya ba ne, mu dai a kan titi muke ganinsa yana wucewa. Manyan motoci ɗauke da siminti daga Kalambaina, sababbin babura, rediyo a kafaɗar samari, atamfa da yadin kanti sun cika rumfuna. Mu kuwa marina ne. Mahaifina, Sanda, wanda muke ce wa Tsoho a bayan idonsa, shi ke da ramukan rini tara a karofin tsohon gari, gadon ubansa. Ni ne ɗan da ya tsaya a sana'ar. Sunana Altine. Shekaruna ashirin da 'yan kai a lokacin, sabon aure, ga ƙarfi ga rawar kai.

Rini ruwa yake sha kamar raƙumi. Kafin rami ɗaya ya tashi sai an zuba masa tulu bayan tulu, a sa shuni da toka, a yi ta motsawa da dogon itace kwana da kwanaki, har ya yi kumfa mai ƙyalli, ya fara warin nan nasa da baƙo ke toshe hanci, mu kuwa mu ji kamar ƙamshin miya. Ran nan ake cewa rami ya yi rai. A shekarar nan rijiyoyin unguwa suka yi ƙasa, a zura guga ta dawo da laka. Gulbi ya koma yashi, sai an yi tono a tsakiyarsa a jira ruwa ya tsatso a kwarfa da ƙoƙo. Wa zai zuba wa rami ruwa alhali randa ba kome? Ramukanmu suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya, kumfar ta kwanta, saman ya tsage. Takwas suka tafi. Na tara Tsoho ya ce ba zai mutu ba. Kullum da sassafe in kora jaki gulbi, in dawo da tulu huɗu, uku na gida ɗaya na rami.

Inna takan tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Malam, mu za mu sha ko rami?"

Shi kuma ya ce, "In wanga ya mutu, mun tashi daga marina. Mi za a kira mu?"

Shi kansa ya daina tsoma hannu tun bazara, don yanar ido ta rufe masa gani, sai da hantsi yake ganin inuwar abu. Hannun nan nasa da na taso na gani baƙi wuluk har gwiwa ya fara koɗewa, ya koma toka-toka, shunin ya rage a gindin farce kawai. Yakan zauna a kan buzu a zauren karofi, ni ina aiki yana gyara mini da hanci. Ya shaƙi iska ya ce toka ta yi yawa, in duba in ga ta yi yawa.

Aka fita roƙon ruwa har sau uku, mun juya riguna ciki waje, tsofaffi suna kuka a fili. Geron gonarmu ya yi ɓari ya tsaya, ganyen ya nannaɗe, a murza shi ya zama gari. Buzaye suka gangaro daga arewa a ƙasa, ba raƙumi ba akuya, suka zauna a bayan gari. Shanu suna faɗuwa a bakin hanya, mahauta suka gaji da yanka, warin fata ya cika wajen mayanka. Akwai wata jar dawa ta agaji da ake rabawa, a yi layi tun safe har rana ta take, wata rana a samu wata rana a ce ta ƙare. Inna ta koma tafasa da rama da dusa, ta kwaɗa da ɗan ƙuli in an samu. Hajo tana da cikin fari, wuyanta ya yi tsawo, idonta ya faɗa. Takan ce ta ƙoshi ta turo mini ƙwarya, ni kuma, Allah Ya yafe mini, in karɓa.

A haka azumi ya same mu, daidai lokacin da ya kamata a ce ana yankan gero. Rana ta ƙarshen damina ba ta da tausayi, ba iska, sama fara fat, ƙasa tana ƙona ƙafa ta cikin takalmi. Da azahar harshe ya manne a ganɗa. Buɗa baki kunu ne wanda in ka leƙa ƙwaryar sai ka ga fuskarka. Amma aiki ya ɗan motsa. Da yake ba mai halin ɗinka sabo, mutane suka riƙa kawo tsofaffin riguna da zannuwa a sake tsoma su don salla. Wannan aikin shi Tsoho ya fi ji da shi. Tun ina ƙarami ya kafa mini doka: duk tufar da ta kwana a karofinsa ba ta komawa ga mai ita a koɗe, ko da mai ita bai roƙa ba, ko da ba shi da abin bayarwa. Ya ce abin kunya ne a ga koɗaɗɗe a jikin mutum a ce daga wurin Sanda ya fito.

Ana cikin goman tsakiya wata Landiroba ta tsaya a bakin karofi. Wani siririn mutum ya fito da wandon kaki da malfa, rungume da ƙaramin akwatin katako kamar mai ɗauke da jariri. Ya yi sallama, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa gaban Tsoho. Ya ce sunansa Haliru, malami ne a wata jami'a, aikinsa tonon kufai don a san yadda mutanen da suka yi zama. Mun ji labarinsu. Wata fadama ce arewa da gari ta ƙafe a karon farko a sanin kowa, tudun wani tsohon gari ya bayyana, suka kafa tanti suna tono da ɗan cokali da buroshi. Mutanen gari na cewa zinariya suke nema. Ni na ce tukunyar kakarsu ce ta ɓata.

Ashe tukunyar suka samu. Rufaffiya, an liƙe bakinta da yumɓu, cikinta mundaye na tagulla naɗe a ƙyalle. Ya buɗe akwatin, ya ɗaga audugar da ya shimfiɗa. Ƙyallen bai wuce tsawon kamu ɗaya ba, ƙwarya biyu, wato siraran saƙa, aka haɗa da ɗinki a tsakiya, launinsa kamar busasshen ganye, da tabon kore inda tagullar ta kwanta. Ya ce tsatsar tagullar ce ta hana gara da ruɓa su ci shi.

Na leƙa na ce, "Malam, wanga ko na goge fitila Inna ba ta amsa tai."

Ya yi dariya ya ce, "In hasashena daidai ne, wannan tsumman ya girmi garin nan. Ban taɓa jin an samu irinsa a ƙasar nan ba. An ce mini in akwai wanda zai karanta shi, to Baba Sanda ne."

Tsoho ya sa na zuba masa ruwa ya wanke hannu, a shekarar da ko alwala sai an yi tsimi. Ya goge, ya jira suka bushe, ya yi bisimilla. Ya ɗora yatsa biyu a gefen ƙyallen kamar mai taɓa goshin majinyaci. Ya sunkuya ya shinshina. Ya daɗe.

Ya ce, "An rina zaren kahin a saƙa, ba bayan an saƙa ba. Akwai ratsi, ido ba ya gani nai yanzu, amma yatsa na ji. Akwai na tsamiya ciki, silikin daji, ɗai-ɗai." Ya sake murza bakin wani zare da ya fito. Sai na ga ya yi murmushi, abin da ya daɗe bai yi ba. "Malam, matar da tak kaɗa zaren ga bahaguwa ta."

"Baba, ta yaya ka sani?"

"Murzar ta juya baya. Innar yaron ga tai kaɗi shekara arba'in gabana, na san inda zare ka kwantawa."

Malam Haliru ya ciro wani littafi mai koren bango yana ta rubutu. Yana da kyamara, amma ya ce fim ya ƙare musu a wurin tono, ya aika Kaduna, sai nan da kwana uku. Ko hoto ɗaya bai ɗauki ƙyallen ba. Tsoho ya ce a bar masa shi ya ƙidaya zaren da hasken hantsi, don ba aikin gaggawa ba ne. Malam ya dubi akwatin. Ya ce ko abokan aikinsa bai taɓa bar wa ba.

Tsoho ya ce, "Amana ta. Ba a taɓa ɓatan ko allura ba karofin ga."

Malam ya bar shi. Washegari direbansa ya sauke mana rabin buhun gero daga abincin masu tono, ya ce Malam ya ce a yi wa mai ciki kunu. Ranar Inna ta daka da kanta, ƙarar turmin ta fito da maƙwabta, ta ɗiba ta ba kowa. Aka yi fura. Na ga Hajo ta shanye ƙwarya guda ba ta turo wa kowa ba, ta jingina da bango, gumi yana tsatso mata a goshi. Wallahi ran nan da Malam Haliru ya ce in bi shi in yi masa bauta da na bi shi.

Safiya biyu Tsoho yana zaune a bakin zaure da akwatin a cinya, yana bin zare da farce yana ƙidaya a fili, yana maimaitawa kamar mai tilawa: takwas, biyu, ɗaya na tsamiya, biyu, takwas. Safiya ta uku aka yi rasuwa a unguwa, kamar yadda ake yi kusan kullum a lokacin, wani maƙwabci ya riƙe masa sanda suka tafi jana'iza. Ya bar akwatin a alkukin bango. Aka bar ni da shi.

Na sha ɗora wa yunwar azumi laifi a zuciyata, amma ƙarya nake yi, ko a ƙoshe nake da na aikata. Ga yadda kaina ya lissafa mini. Mutumin nan ya ciyar da mu, ba mu da abin saka masa. Gobe zai zo ya ɗauki ƙyallensa ya kai jami'a, manya da Turawa su taru su duba. Su ce a ina ya kwana? A ce karofin Sanda. Su ce kwana uku a wurin marini ya fito haka kamar an tsinto shi a juji? Na ce Tsoho ido ne ba shi da shi, da ya ga yadda abin nan ya koɗe da shi da kansa zai sa ni. Har ina hango fuskar Malam in ya buɗe akwati ya ga abinsa ya dawo sabo yana ƙyalli.

Na fara jiƙa shi a ƙwarya, yadda ake yi wa kowace tufa. Ruwan ya koma ja-ja da kore, wani ƙamshin ƙasa ya taso, irin na tsohon ɗaki da aka daɗe ba a buɗe ba. A nan mai hankali zai tsaya. Ni kuwa na ce dauɗa ce take fita. Na buɗe rami, na kore kumfa gefe, na tallabe shi da hannu biyu na nutsa. Na yi ƙidayar da aka koya mini. Na ɗago don ya sha iska.

Abin da na ji a tafina ba tufa ba ne, kamar ƙullu ne. Ina ɗagowa yana bi ta tsakanin yatsuna yana komawa. Na damƙe, damƙar ta ƙarasa shi. Na zura hannu biyu har gwiwa ina lalube, na kwanta rub da ciki a bakin rami ina lalube, ba abin da ke zuwa sai laka. Abin da ya rage mini ɗan wurin ɗinkin nan ne na tsakiya, faɗin yatsa uku, inda zaren ɗinki ya riƙe. Ina kallonsa ya juya daga kore ya koma baƙi, yadda rini mai kyau yake yi. Rinin ya kama sosai. Wannan kam ba a ce ban iya ba.

Tsoho ya dawo kafin azahar. Tun daga ƙofa ya tsaya ya ɗaga hanci.

"Altine, wa ya buɗe rami?"

Ya lalubi alkuki, ya ɗauko akwatin, ya sa yatsa cikin auduga.

"Mi kay yi?"

Na sa masa jiƙaƙƙen guntun a hannu. Ya riƙe shi, ya bi ɗinkin da babban yatsa daga wannan baki zuwa wancan. Na faɗa masa dalilina, har da dokarsa na kawo masa. Ina jira ya ɗaga sandar nan, ina roƙon Allah ya ɗaga ta. Bai ɗaga ba.

Ya ce, "Kana azumi?"

Na ce ina yi.

"To riƙe shi. Gobe in Malam ya zaka, bakinka shi yi shiru. Kai ka da sauran zama garin ga, ga iyali tahe. Ni na gama."

Malam Haliru ya iso da hantsi, kyamara rataye a wuya, fim ya zo, tun daga mota yake washe baki. Ni na sa riga mai dogon hannu na tsaya a bayan Tsoho. Bayan gaisuwa Tsoho ya tura masa akwatin.

"Malam, amanarka ta lalace hannuna. Tsuhwa da makanta. Na haɗa shi da kayan mutane na salla, nis sa shi rami. Ni niy yi. Ga abin da ya rage."

Malam ya buɗe akwatin, ya rufe, ya sake buɗewa. Sai ya zauna a ƙasa, ba kan tabarma ba, a ƙasa cikin tokar karofi. Ya ɗaga guntun ya duba a rana, baƙi ƙirin, ba ratsi ba tabo. Ya ajiye shi a bakin buzu a hankali. Ya ce, "Wannan yanzu ba wanda zai yarda ya kwana ko shekara ɗaya a ƙasa." Can ya ciro koren littafinsa ya ce, "Baba, faɗa mini ƙidayar." Tsoho ya karanto masa, ya rubuta. Da zai tafi ya riƙe hannun Tsoho da hannu biyu ya daɗe. Ya miƙo mini nasa, dole na fito da nawa. Hannun rigar ya zame, na yi maza na ja. Na ga kansa a sunkuye yake, na ce Allah Ya rufa asiri.

Bayan motar ta tafi Tsoho ya lalubo guntun ya miƙo mini. Ya ce, "Aje. Naka na."

Ana jibi salla direban ya sake sauke mana gero. Ban gane ba, ban kuma tambaya ba.

Labari ya zaga gari, direba ne ya fitar ko maƙwabta, oho. Aka ce Sanda ya rikice, ya narkar da kayan tarihi a rami. Masu riguna suka zo suka kwashe abinsu tun ba a tsoma ba, wai kada a narkar musu. Mutumin da aka yi shekara hamsin ana kawo wa tufa daga ƙauyuka ya koma abin nuni. Wata rana a teburin mai shayi wani ya rufe ido yana lalube a iska yana kwaikwayonsa, aka fashe da dariya. Ina wurin. Na yi dariyar tare da su. Wannan ita ce ban iya tunawa in ci abinci.

Bayan salla aka yi wani ruwa guda, mai ƙarfi, wanda bai amfani kowa ba sai ciyawa. Rami na tara ya mutu da sanyin shekarar. Hajo ta sauka lafiya, Tsoho ya yi wa jaririyar huɗuba, ya shafa kanta da farin hannunsa. Bai ga wata daminar ba. Ni na tafi Kalambaina dakon siminti, cikin wata huɗu ƙurarsa ta cinye shunin da ke hannuna. Karofin yanzu shaguna ne, ana sayar da waya a kan ramin na tara.

To, a makon da ya wuce, ina zaune ina kallon hadarin da ba ya sauka, mai unguwa ya rako wata mata da mayafi da tabarau, direbanta yana jan wata baƙar jaka mai taya. Ta durƙusa ta gaishe ni. Ta ce sunanta Hadiza, dakta ce amma ba ta allura ba, 'yar Malam Haliru ce, Allah Ya yi masa rasuwa shekarun baya. Aikinsa ta gada. Tana bi gida-gida tana ɗaukar tsofaffin tufafi da wata na'ura da ke kama abu ta kowane gefe, ta sa a kwamfuta, mutum yana wata ƙasa ya juya riga ya ga har bakin zare. Ta ce takardun mahaifinta ma duk tana sa su. A ciki akwai rahoton da ya buga da tafireta, inda ya ce ƙyallen kufai ya salwanta a hannun wani tsohon marini mai suna Sanda, bisa kuskure. Ta zo ta ji ko akwai wanda ya rage a gidan da ke tuna wani abu.

Na ce, "Wa ka karanta wanga rahoto?"

Ta ce, "Duk mai waya a hannu, Baba. Kuma ba ya gogewa."

Sai na shiga abin da na iya. Na ba ta labarin jaki, na ce ƙwaƙwalwata ta zama rariya, na ce in tsohon abu take nema ta ɗauke ni hoto ta kowane gefe, na girmi duk tsumman da ke jakarta. Ta yi dariya da ladabi, ta sha ruwan da Hajo ta kawo, ta yi godiya, ta miƙe. Tana sa takalmi na hango a raina sunan Tsoho a wayar jikokina, da na jikokinsu, da kalmar nan ta kuskure a gefensa. A can da, a teburin mai shayi ɗaya ne kawai aka yi masa dariya, kuma duk waɗanda suka yi dariyar sun mutu sai ni.

Na ce ta dakata. Na shiga ɗaki na buɗe adakar Tsoho, na ɗauko gwangwanin da ke can ƙasa. Hajo ta biyo ni da ido ta ce, "Ashe ba laya ba ta? Shekara nawa kana hana ni taɓa ta."

Dakta ba ta taɓa shi da hannu ba. Ta sa safar hannu, ta shimfiɗa farar takarda, ta kafa fitilu biyu da na'urar a kan ƙafafu. Ta juyo mini fuskar kwamfutar. Guntun nan da na yi shekara da shekaru ina tsoron buɗewa ya cika allon, kowane zare kamar igiyar guga. Duk baƙi ne, amma ba kauri ɗaya ba, kuma akwai wanda ke ƙyalli daban. Ta sa bakin alƙalami tana bi. Takwas. Biyu. Ɗaya mai ƙyalli. Biyu. Ban san lokacin da na ƙarasa mata ba, na ce takwas.

Ta ƙara girmansa. Ta ce, "Murzar ta hagu ce." Ta cire tabarau ta goge. "Mahaifina ya yi ta faɗin wannan a taro, a ce masa ina shaida, ya ce wani tsoho ne ya ji da yatsa. Daga baya ya daina faɗa. Amma mu a gida ya ba mu labarin bahaguwar nan ya fi a ƙirga."

A nan na faɗa mata. Ban yi ado ba, ban sa wasa ba. Na ce tsohon da ya ji da yatsa bai yi kuskure ba ko sau ɗaya, ni ne na tsoma, don a ce na kyauta. Na ce ta goge sunansa ta sa nawa, Altine, kuma kada ta rubuta kuskure, ta rubuta wauta. Hajo tana tsaye a bakin ƙofa riƙe da tire, ba ta motsa ba.

Dakta ba ta yi mamaki ba, abin da ya fara ba ni tsoro ke nan. Ta taɓa kwamfutar, wani shafi ya fito na littafin nan mai koren bango, na gane ƙidayar Tsoho a jere. A gefe akwai rubutu da fensir, da Hausa. Ta ce ko ta karanta mini. Na ce ta bari, wata ukun nan nawa su yi aikinsu. Na bi shi baƙi-baƙi da yatsa, ya ɗauke ni lokaci:

"Tsohon ya ce shi ne. Hannunsa ya koɗe, ya daɗe bai taɓa rami ba. Ɗansa shuni har gwiwar hannu, ɗanye. Na rubuta yadda uban ya so."

Na tuna buhun gero na biyu.

Ta naɗe kayanta a hankali, ta mayar mini da guntun cikin gwangwani, ta rubuta lambarta a takarda ta ba Hajo. A waje iska ta taso, hadari ya sake haɗowa, mata suna ta fito da bokitai. Takardar tana nan ƙarƙashin buzuna, kullum sai na ciro ta na duba na mayar. Har yau ban kira ba, don ban san amsar abin da ta faɗa mini a bakin zaure ba, tana riƙe da mayafinta kada iska ta ɗauke:

"Baba, wannan shafin shi kaɗai ne ban sa ba tukuna. Mutum biyu suka rufe maganar nan saboda kai, dukansu sun tafi. In sa shi in wanke mahaifinka, ko in bar shi yadda shi ya roƙa?"